Na daina shan suga amma ƙiba ta ƙi tafiya: maganar zuma, dabino da ƙwayar zaƙi

Addata da ke Tumfure ta kira ni ranta a ɓace, wai wata uku kenan rabonta da suga, ko ƙwaya ɗaya ba ta sa a bakinta ba, amma ta hau sikeli a asibiti nauyinta na nan yanda yake har ma da ƙarin kilo ɗaya. Na ce Adda to me kike sa wa a shayi yanzu? Ta ce zuma mana, mai kyau ma kuwa, galan guda aka kawo mata daga ƙauye. Kunun gyaɗa fa? Garin dabino. Fura kuma mazarƙwaila take daka mata. Da na je gidan na ga yanda take zuba zumar, babban cokali ne biyu take tsiyayawa a kofi tana jin hankalinta kwance tunda ai ba suga bane, nan na gane inda gizo ke saƙa, kuma na san ba ita kaɗai bace, mata da yawa a garin Gombe haka suke fama, ga wahala ga kashe kuɗi ga babu sakamako, ƙarshe mutum ya ce jikinsa ne ba ya jin magana ya haƙura.

Bari mu fara da lissafi don shine ginshiƙin maganar. Kalori shine ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke komawa kitse. Giram ɗaya na suga kalori 4 ne, ƙaramin cokalin shayi in an shafe bakinsa yana ɗaukar wajen giram 4, kenan kalori 16. Mu kuma ba ma shafe bakin cokali, tozo muke yi masa, wanda hakan ya kusa ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, ga babban mutum wajen giram 50 kenan, cokali 12, in kuma da hali a sauko ƙasa da kashi 5, wato giram 25, cokali 6 kacal a wuni. Toh wanda ke sa cokali uku a shayin safe da uku a na dare ya riga ya cinye cokali shidan nan tun kafin a zo maganar Milo ko Bournvita da su ma akwai suga a cikinsu, balle kwalbar lemo mai santilita 35 da ke ɗauke da wajen cokali takwas zuwa tara, balle zoɓon da aka siya a hanya ko maltin da ake ba mai jego da mara lafiya ana cewa yana ƙara jini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma, a wannan lissafin na hukumar har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, duk a buhu ɗaya ta zuba su da farin suga.

Nan ne mutane ke jin nauyin maganar, don zuma tana da daraja a wurinmu, addini ya yabe ta, iyayenmu sun yi magani da ita, ni ma ban taɓa raba gidana da ita ba. Amma kasancewar abu waraka bai cire masa ƙarfin da ke cikinsa ba, kuma shi magani ai da ma'auni ake shansa. Wajen kashi 80 cikin 100 na zuma suga ne, sauran yawanci ruwa, kuma da yake ta fi suga nauyi, ƙaramin cokalinta yana kai kalori 21 inda na suga yake 16, babban cokali kuwa wajen 64. Kinga Adda da ta bar ƙananan cokali uku na suga, kalori 48, ta koma manyan cokali biyu na zuma, kalori 128, gaba ta ci ba baya ba. Wannan ma in zumar ta gaskiya ce kenan, don kowa ya san yanda ake dafa suga a haɗa a zuba a kwalba a siyar a tasha. Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare, kakarsu ɗaya da farin sugan da ake yi a Numan, bambancin kawai ba a tace ta ba, ɗan sinadarin da ya rage a cikinta bai taka kara ya karya ba, ƙarfinta kusan daidai yake da na suga.

Dabino ya ɗan fi su don yana da harza, abin nan da ke sa ciki ya riƙe kuma ya rage saurin shigar suga jini, ga sinadarai masu amfani. Amma busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne. Ƙaramin ƙwaya ɗaya wajen kalori 20, irin manyan nan masu taushi da ake tsarabar Umara da su ɗaya yana haura 60. In kin ci uku kin sha ruwa lafiya lau, tauna ma tana sa mutum ya san ya ci wani abu. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka niƙa gwangwani guda a kunun aya, ko aka mai da shi gari ana kamfata da cokali, sai ki shanye dabino goma sha biyar a kofi biyu ba ki ma sani ba, alhali da a faranti aka ajiye miki su ba za ki iya cinyewa a zama ɗaya ba. Masu tallar garin dabino a WhatsApp suna cewa ya maye gurbin suga, eh ya maye gurbinsa a ɗanɗano kuma ya fi shi amfani, amma wajen rage ƙiba bai rage miki komai ba in da yawa kike zubawa.

Sai ɗaya ɓangaren, su ƙwayar zaƙi da ake siyarwa a kemis da manyan kantuna da kuma wanda ke cikin lemon da aka rubuta babu suga irin su Coke Zero. Su waɗannan aikinsu daban ne. A harshe akwai wasu 'yan wurare da ke gane zaƙi, duk abin da ya dace da su sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa ga zaƙi ya zo, su kuma waɗannan sinadaran suna kama wuraren nan da ƙarfi sosai fiye da suga, shi ya sa ɗan mitsitsi ya isa, kuma yawancinsu jiki ba ya ƙona su, wucewa suke yi su fita. Sakarin shine babban yayansu, tun 1879 aka gano shi a Amurka, ya ninka suga zaƙi sau 300 ko fiye, shine wanda wasu masu zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙarar leda ke sakawa saboda tsadar suga, kuma za ki gane shi da ɗan ɗacin nan da yake bari a maƙogwaro bayan kin haɗiye. Asfatam an gano shi a 1965, ninki 200, shi ke cikin yawancin lemon da babu suga da cingam. Sukralos 1976, daga suga aka sarrafa shi, ninki 600. Sai sitibiya, ita ganye ce daga Kudancin Amurka wajen ƙasashen Faraguwai da Barazil, mutanen can sun daɗe suna sa ta a shayinsu, abin da ake tatsa daga ganyen ya ninka suga sau 200 zuwa 300. In kina duba bayan kwalba za ki gan su da sunansu na Turanci ko da lamba, E954 sakarin, E951 asfatam, E955 sukralos, E960 sitibiya.

To suna rage ƙiba ko ba sa ragewa? Gaskiyar magana amsar ba eh ko a'a bace kai tsaye, kuma duk wanda ya ba ki ita a kalma ɗaya ya rage wani abu. In mutum yana shan kwalbar lemo ɗaya kullum, wajen kalori 140 zuwa 150, ya koma wanda babu suga, bai ƙara komai a wani wuri ba, a wata ya rage sama da kalori 4,000, kitse kilo ɗaya kuma wajen kalori 7,700 ne, kenan a takarda ya haura rabin kilo a wata. Gwaje-gwajen da aka yi na 'yan watanni sun nuna ana ɗan raguwa, kaɗan dai, ba abin a zo a gani ba. Amma a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce ba ta ba da shawarar a dogara da waɗannan sinadaran don rage ƙiba ba, saboda da ta tattara binciken da aka yi ba ta ga amfaninsu wajen rage kitse a dogon lokaci ba, kuma a cikin mutanen da aka bi shekara da shekaru an ga masu yawan shansu sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. Sai dai ita kanta hukumar ta ce shawarar ba mai ƙarfi bace can, don zai iya yiwuwa waɗanda dama suke da ƙiba ko ciwon ya fara taɓa su sune suka fi komawa shan irin wannan lemon, kinga ba lallai lemon ne ya jawo ba. Ta kuma ce maganar ba ta shafi wanda ya riga yana da ciwon suga ba.

Ni abin da na gani da idona ya fi min duk wannan bayyana dalili. Wani ƙanin maigidana ya koma shan lemon da babu suga, in ya zauna wurin mai tsire da daddare sai ya ce tunda lemon ba komai a ciki bari a ƙaro masa masa biyar da ƙuli, da safe kuma shayi da ƙwayar zaƙi amma burodin da ya saba ci rabi ya koma guda da bota. Zuciya tana yi wa mutum wannan lissafin ne a ɓoye, ta ce ka yi ƙoƙari a can, ka cancanci lada a nan. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, harshe bai koyi komai ba. Wanda ya saba shayinsa sai ya yi zaƙi kamar alawa, in ya musanya suga da ƙwaya biyu ko uku har yanzu shayin nan alawa ne, ranar da ƙwayar ta ƙare ko ya je gidan biki ko kuɗin siyanta ya gagara, suga zai koma da ma'aunin da ya bari, gwanda da kankana kuma har yanzu lami yake jin su.

Sai maganar cewa waɗannan sinadaran suna jawo kansa, wato ciwon daji, don na san ita ce ke yawo a waya. A watan Yulin 2023 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa asfatam a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna iya jawo kansa, rukunin da ake kira 2B, wanda ma'anarsa hujjar da ake da ita ba ta da ƙarfi, ana buƙatar ƙarin bincike. A lokaci guda kwamitin da ke tsara ma'aunin sinadaran abinci ya bar iyakarsa yanda take, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, suka ce mai kilo 70 sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 na lemon da babu suga kullum kafin ya haura. Shi ma sakarin an taɓa tsorata da shi a shekarun 1970 saboda gwajin da aka yi da ɓeraye, daga baya aka gane yanda abin ke faruwa a mafitsarar ɓera ba haka yake a mutum ba, Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargin suna jawo kansa a 2000. Don haka ba guba bane kamar yanda ake yaɗawa. Inda nake da damuwa shine na ƙulli da ake siyarwa a kasuwa babu suna babu lambar NAFDAC babu ma'auni, mai zoɓo ta ɗiba da hannu ta watsa a bokiti, yara 'yan firamare masu kilo 20 su sha leda uku huɗu a rana, alhali iyakar sakarin miligiram 5 ce a kowane kilo, ta yaro ba ta da wuyar cika. Akwai kuma binciken da aka yi a 2022 kan mutum 120 da ya nuna sakarin da sukralos suna iya canja ƙananan halittun nan da ake kira bakteriya da ke zaune cikin hanji har su taɓa yanda jikin wasu ke sarrafa suga, ƙaramin bincike ne na sati biyu amma ya isa ya sa mutum ya daina ɗaukarsu kamar ruwa.

Akwai wani dangin kuma da sunansu ke ƙarewa da ol, su sorbitol, maltitol, xylitol, erythritol, ana samunsu a cingam da alawa da biskit ɗin masu ciwon suga. Yawancinsu suna da kalori wajen rabin na suga, in aka sha da yawa kuma sai kumburin ciki da gudawa. Erythritol kusan ba shi da kalori, kuma sau da yawa in kin siyi garin da aka rubuta sitibiya shi ne ya fi yawa a ciki, a 2023 wani bincike a Amurka ya alaƙanta yawansa a jini da daskarewar jini, mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ya tambayi likitansa tukun. Shi kuma biskit ɗin da aka ce babu suga, fulawa da mai suna nan daram, kar tsadarsa ta ruɗe ki.

Abin da na ce wa Adda, kuma shi na yi wa kaina shekara biyu da suka wuce, shine ta ɗauki ƙwayar zaƙin nan a matsayin sandar dogarawa ta mai jinya, ana riƙe ta ne kafin ƙafa ta yi ƙwari. Mu fara da abin sha don nan ne ɓarnar ta fi yawa, abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, kofin kunu mai kalori 300 ba zai hana ki cin tuwonki cikakke ba. In mutum ya kamu da lemon kwalba har ba ya iya cin shinkafa sai da shi, ya koma wanda babu suga ya fi masa, wannan ban da shakka a kai, amma da niyyar daga kullum zuwa sau biyu a sati, ruwan sanyi ya karɓi sauran. Shayi kuma ba a yanke shi rana ɗaya, daga cokali uku a koma biyu da rabi na sati biyu, sannan biyu, a haka a haka, a ƙara masa citta da kanumfari da na'ana'a ko kirfa don baki ya samu abin ji. Satin farko wallahi babu daɗi, ba zan ɓoye miki ba, shayin kamar ruwan zafi, amma wajen wata biyu na je gaisuwa gidan Goggo a Jekadafari aka haɗo min shayi irin wanda na saba sha da, na kurɓa sau biyu na kasa ci gaba, zaƙin har hawa kai yake. Harshe yana sabawa da ƙasa kamar yanda ya saba da sama, lokaci kawai yake so.

Zoɓo in a gida za ki yi, ki dafa shi da ɓawon abarba da citta, ki niƙa abarbar kaɗan a ciki, sugan da zai nema ba zai kai rabin na da ba. Fura da nono in nonon bai yi tsami sosai ba cokali ɗaya ya isa, kindirmo mai kyau ma ba ya neman komai. Kunun gyaɗa da na tsamiya a rage kofin, don ko babu suga gero da shinkafar da ke ciki su ma suga suke komawa a jini. In kwaɗayin zaƙi ya taso da la'asar, wanda yawanci yunwa ce ko rashin barci ke kawo shi, a fara cin abinci mai riƙe ciki kamar wake ko ƙwai ko gyaɗa 'yar kaɗan, sannan a bi da yankan kankana ko gwanda ko lemon ɓawo guda a ci shi da tsakinsa ba a matse ba, ko goruba da za ki daɗe kina gwagwiya. Lokacin azumi ne aka fi faɗawa rami, an wuni da ƙishi sai a jera zoɓo da kunun aya da lemo da kunu a tabarma ɗaya, mutum ya fito daga Ramadan ya fi yanda ya shiga nauyi, dabino uku da ruwa da kunu kofi ɗaya sun isa buɗa baki.

Ga mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin akwai abu ɗaya da nake roƙo a riƙe, in sugansa ya faɗi, jiki na rawa gumi na karyowa ido na duhu, lemon da babu suga ko ƙwayar zaƙi ba za su tashe shi ba, suga na gaske ake ba shi ko zuma ko lemo mai suga in yana iya haɗiya, in ba ya cikin hayyacinsa kuma kar a ɗura masa komai a wuce asibiti. 'Yan gida su san wannan, don wani gidan an kwashe suga gaba ɗaya saboda Baba. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita kafin su fara ƙwayar zaƙi, yara ƙanana kuma ba su da buƙatarta sam, jariri da bai shekara ba ma ko zuma ba a ba shi.

Sai kayan gara, alkaki da nakiya da dublan da cincin da alawar madara, su kam babu wata ƙwaya da za ta yi su, don suga a cikinsu shine jikin abin ba ɗanɗano kaɗai ba, shi ke sa alkaki ya jiƙu ya yi danƙo, shi ke sa cincin ya yi ja ya yi ƙarau, asfatam ma in ya ji wuta zaƙinsa gudu yake. Na ga masu gwada yin cincin da ƙwayar zaƙi suna asarar fulawa da mai, kuma man da ya sha ai yana nan. Ni dai in an kawo min rabona na biki, nakan ɗauki alkaki ɗaya in ci bayan abinci ina zaune ba a tsaye a kicin ba, in ji daɗinsa sosai, sauran a ranar nake rabawa maƙwabta da almajirai, don na gane in dai bokitin nan ya kwana a ɗakina to sai na ga ƙarshensa. Adda ta ce ita rabawar ce ke mata wuya saboda yara, sai muka yi da ita za ta ba babbar 'yarta ajiya a ɗakinsu ana fito da na kowa ranar Juma'a, zumar kuma ta koma ƙaramin cokali ɗaya da safe, galan ɗin da take shanyewa a wata biyu yanzu ya shiga wata na biyar bai kai rabi ba, sikelin ma ya fara sauka, kilo uku zuwa yanzu.